Shaihu Umar: Daga Wace Shekara Za a Fara Ƙirga?

Shekarar 2026 ta haɗa lissafi biyu a kan mutum ɗaya. Shekara sittin ke nan da kashe Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, a juyin mulkin Janairun 1966. Shekara hamsin kuma ke nan da fitowar fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga ƙagaggen labarin da Tafawa Ɓalewa ya rubuta. Waɗannan biyu babu mai jayayya a kansu. Inda gizo ke saƙar shi ne shekarun littafin kansa, domin ɗalibin da ya buɗe kundaye uku yana iya cin karo da shekaru iri biyu: wasu sun ce 1934, wasu kuma 1955. Har bayanan da suka raka fim ɗin zuwa ƙasar Jamus, bayan an farfaɗo da shi, 1955 suka ɗauka.

Tazarar shekara 21 ba ƙaramin abu ba ce, kuma ba ta tsaya ga ranar da za a yi biki kaɗai ba. Idan a 1955 aka rubuta littafin, to marubucinsa minista ne a gwamnatin tarayya, mai shekara arba'in da 'yan kai, wanda ya yi karatu a Landan, ya ga jiya ya ga yau, yana kuma dab da hawa kujerar Firayim Minista a 1957. Mai nazari zai karanta kowace jimla yana neman siyasa a ƙarƙashinta. Idan kuwa 1934 ce, marubucin saurayi ne da bai daɗe da haura ashirin ba, an haife shi a 1912, ya fito daga Kwalejin Katsina a 1933, ya koma Bauchi yana koyarwa a Makarantar Midil. Wannan na biyun shi ne gaskiya. Abin da ya faru a 1955 sake bugu ne, a zamanin hukumar NORLA ta Zariya, kuma da yake wannan bugu da waɗanda suka biyo bayansa su ne suka fi yaɗuwa a ɗakunan karatu, sai shekararsa ta maye gurbin ta asali a hannun masu kwafa daga masu kwafa.

Asalin littafin gasa ce. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda aka sauya wa suna zuwa Hukumar Talifi, tana ƙarƙashin Dokta Rupert East, kuma matsalarta a fili take: an koya wa yara karatun boko a makarantu, amma babu abin karantawa da Hausa in ban da littattafan aji da 'yan fassare-fassare. East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon masu ilimi su ƙago labarai masu ɗan tsawo. Shi da kansa ya bayyana daga baya irin wahalar da ya sha wajen shawo kan malamai, domin a wurinsu alƙalami na ilimi ne da wa'azi, ƙagaggen zance kuwa tatsuniya ce, aikin tsofaffi da yara bayan sallar lisha. Daga abin da aka aiko aka fitar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Shaihu Umar, sai Jiki Magayi, wanda John Tafida da East suka haɗa hannu a kai. Daga nan ne ake fara ƙirga tarihin ƙagaggun labaran Hausa na boko, kuma da wannan lissafi ne suka cika shekara casa'in a 2024.

A nan akwai tuntuɓen da ɗalibai ke yawan yi a takardar jarrabawa, wato su rubuta cewa adabin Hausa na rubuce ya fara a 1933. Nana Asma'u ta rasu tun 1864, ta bar waƙoƙin ajami da har yau ake rerawa. Abin mamaki ma, shekarar da littattafan gasar suka fito, 1934, ita ce shekarar da Alhaji Umaru na Salaga ya rasu a Kete-Krachi, cikin ƙasar Gana ta yau. Bakano ne ta wurin haihuwa, ya bi hanyar fataken goro zuwa Gwanja, ya shafe shekaru yana rubutu da Larabci da Hausa, har da waƙa a kan zuwan Nasara da wata a kan talauci da wadata. Wanda ya yi bikin 1934 a matsayin haihuwa ya sani cewa a wani zauren, can bakin kogin Volta, shekarar ta'aziyya ce.

Cikin littattafan nan biyar, Shaihu Umar ya fita daban. Ruwan Bagaja barkwanci ne da wayon zaman duniya, ya kuma sha daga tafkin hikayoyin Larabawa. Ganɗoki ya fara da yaƙin Turawa, sannan ya tashi sama ya shiga duniyar aljannu. Tafawa Ɓalewa bai nemi ya ba kowa dariya ba. Ya zaunar da wani shahararren malami a garin Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya buɗe baki ya ba da labari cikin natsuwa irin ta wanda hawayensa suka daɗe da bushewa. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafade jarumi. Mahassada suka yi wa Makau sharri a wurin sarki bayan an dawo daga hari, aka kore shi daga gari. Cikin wannan ruɗani aka sace yaron. Ya faɗa daga wannan hannu zuwa wancan har Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi, ya ƙetara hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar ilimi a wurinsa. Ita kuwa uwar ta fita nemansa. Aka yaudare ta, aka mayar da ita baiwa, aka ja ta ta Murzuk har zuwa gaɓar teku. Ɗa da uwa sun sadu a ƙarshe, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta cika.

An saba koya wa ɗalibai cewa jigon littafin shi ne haƙuri da yarda da ƙaddara, kuma akwai hujjar faɗin haka, domin Umar bai taɓa ɗaga murya ba. Sai dai wannan karatu yana sauƙaƙa wa mai karatu fiye da yadda marubucin ya sauƙaƙa masa. A duba mutanen kirkin da ke cikin labarin. Makau, wanda aka zalunta, wanda zuciya ke tausaya wa, sana'arsa kai hari ƙauyuka ya kamo mutane, kuma sharrin da aka yi masa ma a kan rabon bayi ne. Abdulkarim, wanda ya zame wa maraya uba, fataucin bayi ne ya kawo shi ƙasar Hausa. Marubucin bai tsaya ya yi huɗuba a kan ko ɗayansu ba. Ya ajiye ƙaddara biyu kafaɗa da kafaɗa, hanya ɗaya, hamada ɗaya: ɗan ya fita bawa ya dawo shaihi, uwar ta fita 'ya ta mutu baiwa. Wanda ya ce littafin ya wanke bauta saboda Umar ya dace da ubangida nagari, bai karanta babin uwar da idon basira ba. Rabin littafin nata ne, kuma shi ne rabin da ke hana barci.

Ga inda shekarar 1934 take da nauyi. Lokacin da saurayin malamin nan yake rubutu, bauta ba tarihi ba ce a Arewacin Nijeriya. Dokar Lugga ta 1901 ta hana kamu da cinikin bayi, ta kuma 'yanta duk wanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na wannan shekara, amma waɗanda suke hannun iyayengijinsu tun kafin nan an bar su su nemi fansar kansu. Sai a 1936 aka soke matsayin bawa gaba ɗaya a doka. Ke nan littafin ya riga dokar fitowa da shekara biyu. Yaran da suka fara karanta shi a aji sun san tsofaffin da aka kamo, sun san gidajen da aka kai su, wasunsu ma jikokin waɗanda suka yi kamun ne. Shi kansa marubucin ba ɗan sarauta ba ne; mahaifinsa mai hidima ne a gidan hakimi. Idan aka matsar da littafin zuwa 1955, duk wannan kusanci sai ya dushe, ya koma kamar dattijo ne ke tuna wani zamani mai nisa.

Hanyar da labarin ya bi kuma ba ta Nijeriya kaɗai ba ce, shi ya sa ɗalibin Damagaram ko Agadas ko Difa yake da haƙƙi a littafin daidai da na Bauchi. Ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Tarabulus ta Damagaram yake bi, ya ratsa Abzin, ya nufi Gat da Gadamas; wanda ya tashi daga Barno kuwa ya bi ta Bilma da Kawar ya faɗa Murzuk. Wani babban yanki na wannan tafiya cikin ƙasar Nijar ta yau yake. Hanyoyin sun mutu cikin ɗan lokaci kaɗan: Faransawa suka kama Damagaram a 1899, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar kuma Italiya ta far wa Tarabulus, fatauci ya juya fuska zuwa teku ta kudu. Tafawa Ɓalewa ya rubuta labarinsa ne lokacin da sauran madugai da 'yan ayarin da suka taka wannan rairayi da ƙafarsu suke da rai.

Bayan rasuwar marubucin littafin ya shiga wata rayuwa. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. Sannan fim ya zo a 1976, da harshen Hausa, mai tsawon fiye da sa'a biyu, Umaru Ladan ɗin nan kuma shi ya fito a matsayin Shaihu. Gwamnatin tarayya ce ta ɗauki nauyin aikin, kuma da shi Nijeriya ta shiga bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, wanda aka yi a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977, aka yi hawan dabarsa a Kaduna. Mai lura da kalanda zai ga cewa ranar buɗe bikin ta faɗo daidai shekara goma sha ɗaya da daren da sojoji suka ɗauke marubucin daga gidansa a wannan birni.

Daga nan sai fim ɗin ya ɓace. Ba gobara aka yi ba, ba kuma hana shi aka yi ba. Ajiye shi aka yi aka manta. Shekaru suka wuce ana ambatonsa a littattafan tarihin sinima, marubuci yana karɓa daga marubuci, alhali waɗanda suka gan shi da idonsu suna ta raguwa. Ya kamata ɗalibi ya fahimci yadda fim ke mutuwa, domin ba kamar littafi ba ne. Littafi ana buga dubbai, ko gara ta ci na Zariya za a sami na Maraɗi. Fim na wancan zamani kuwa zare ne na roba a naɗe cikin gwangwani, uwar kwafi ɗaya da 'yan kwafi ƙalilan. Zafi da laima suna sa robar ta fara ruɓewa, ta riƙa fitar da wani wari mai tsami, ta motse, ta manne da juna, launinta ya koɗe. Gwangwani ɗaya da ya kamu yana shafa wa na kusa da shi. Kafin a rage wannan ɓarna sai da ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa, abin da ma'ajiyoyin ƙasashen Sahel da na bakin teku duk suke fama da rashinsa.

A 2016 aka gano gwangwanayen Shaihu Umar cikin kayan Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, bisa ƙoƙarin masu bin sawun tsofaffin fina-finai, musamman Didi Cheeka na Legas. Cibiyar Arsenal ta birnin Berlin ta ɗauki aikin gyara da mayar da shi na'ura mai ƙwaƙwalwa, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a Fabrairun 2018. Lokacin ya zo da wani irin daidaito mai tayar da tsikar jiki. Wata uku kacal kafin nan, a Nuwamban 2017, gidan talabijin na CNN ya nuna hoton ana gwanjon baƙaƙen 'yan ci-rani a Libiya, mutanen da yawancinsu ta Agadas suka bi suka ƙetara. 'Yan kallon Berlin sun zauna kallon labarin ƙarni na goma sha tara, sai ga sunayen garuruwan da suka ji a labarun safe. A Nijar kanta sai a 2003 aka sanya bauta cikin manyan laifuffuka a kundin hukunci, kuma a 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke wa gwamnati hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya.

Ɓacewar fim ɗin ta yi wa lissafin tarihi wata illa da ba a cika lura da ita ba. Idan aka tambayi matashi yaushe fim ɗin Hausa ya fara, zai ce 1990, da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano. Amsar daidai ce idan ana maganar fim ɗin bidiyo na kasuwa, masana'antar da mujallar Tauraruwa ta raɗa wa suna Kannywood a 1999. Amma an yi shekara goma sha huɗu da ɗaukar Shaihu Umar kafin Turmin Danya ya fito. Masu shirya fim na Kano ba su gaji komai daga Adamu Halilu ba, ba don sun raina shi ba, sai don babu inda za su gan shi. Abin da ke gabansu shi ne wasannin talabijin da fina-finan Indiya da suka cika gidajen sinima, kuma daga nan suka ɗebo. Da fim ɗin yana yawo a kaset a shekarun 1980, wataƙila da tarihin ya ɗan karkata, ko da yake wannan zato ne, kuma malam da-na-sani ƙeya ce.

Kwatanci da maƙwabta yana da amfani a nan. Nijar ta riga Arewacin Nijeriya yin suna a sinima. Mustafa Alasan ya fara fitar da fina-finai tun farkon shekarun 1960, Umaru Ganda kuma shi ne mutum na farko da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, Dokin Yennenga, a 1972, da fim ɗinsa kan auren mace fiye da ɗaya. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, amma sunansa bai dogara ga wanda zai tuna ranar ba: akwai cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai, akwai kuma kyauta mai sunansa da ake bayarwa a FESPACO. Bikin da ke dawowa duk bayan shekara biyu yana tilasta wa mutane su sake ɗauko tsofaffin ayyuka su duba ko suna nan. Duk da haka ba a tsira ba. Ambaliyar 1 ga Satumban 2009 ta shiga ma'ajiyar fina-finan Afirka da ke Wagadugu, ta jiƙa gwangwanaye masu yawa.

Waƙar baka tata matsalar ta bambanta, kuma ta fi tsanani. Littafi yana da shekarar bugu, ko da an yi saɓani a kanta. Fim yana da shekarar fitowa. Waƙar makaɗi kuwa ba ta da ranar haihuwa, domin ya rera ta sau ɗari a wurare ɗari, kowane karo da ƙari da ragi, kafin wani gidan rediyo ya ɗauki guda ɗaya ya ajiye. Shi ya sa bukukuwan tunawa da mawaƙa kusan duka na rasuwa ne: Mamman Shata a Yunin 1999, Ɗanmaraya Jos a Yunin 2015. Faifan da aka naɗi muryoyinsu kuwa suna fuskantar zafi da laimar da suka kusa cinye Shaihu Umar, a ɗakunan ajiyar gidajen rediyo daga Kaduna har Yamai.

Ga mai nazarin harshe, fim ɗin da aka ceto yana da wata daraja ta daban. Muryoyin Hausawa ne na 1976, suna furta Hausar da aka rubuta a 1933, suna kwaikwayon mutanen ƙarshen ƙarni na goma sha tara. Hawa uku ke nan na harshe a wuri ɗaya. Ana iya sauraron yadda bafade ke gaida sarki, yadda almajiri ke yi wa malaminsa tambaya ba tare da ya ɗaga kai ba, yadda mace ke ambaton mijinta ba ta kama sunansa ba, sannan a koma ga littafin a ga abin da Adamu Halilu ya riƙe da abin da ya bari. Irin wannan nazari, na aza littafi da wasa da fim a faifai ɗaya, bai yiwu ba tsawon shekarun da gwangwanayen suke kulle. Aikin ceton ya kuma haifar da wani abu: a 2019 Jami'ar Jos ta buɗe karatun digiri na biyu kan al'adun fim da adana su, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Goethe ta Frankfurt da cibiyar Arsenal.

Littafin zai cika shekara ɗari a 2034, tare da 'yan'uwansa na gasar East. Wanda ya bi lissafin 1955 zai jira har 2055, ya iso bayan an naɗe tabarma da shekara 21. Ɗalibin da zai ambaci Shaihu Umar a kundinsa sai ya rubuta shekarar bugun da ke hannunsa, ya kuma nuna a fili cewa bugun farko na 1934 ne, daga Hukumar Talifi ta Zariya.